Kafin Ka Taɓa Bawul Ɗin Nan

Jiya da la'asar a wani sito da ke Ijora a Legas na tarar da wani yaro ɗan wajenmu, bai fi shekara ashirin ba, ya kafa sifana a kan bawul ɗin da ke tsare ƙarfin man haidirolik na fokilif, wato motar ɗaga kaya. Wai ta ƙi ɗaga buhunan shinkafa. Na damƙe shi da hannun damana, wanda yatsu huɗu suka rage masa. Ya ce, "Baba, haka na gani a waya." Waya!

Ni ma abin da na yi ke nan a Apapa, ina ɗanyen bakanike. Toyota ce mai tan 2.5, ta ɗaga kaya rabi sai ta cije, famfo yana ta kuka. Tirela uku na jira, oga yana surfa mini faɗa da Yarbanci. Wa zai tsaya duba mai a wannan hali? Na ɗaure bawul don ƙarfin man ya ƙaru, ta ɗaga, aka yaba mini. Bayan kwana biyu mai ya fara tsattsafowa a jikin tiyo, na bi da yatsa ina laluben hujin. Kamar tsinin allura na ji, ko jinin kirki bai fito ba. Na goge da tsumma na ci gaba da aiki, ashe man da ƙarfinsa ya haura bar 150 a ma'aunin matsi ya riga ya shige nama. Ran da na je asibiti yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Har yau nakan ce laifin oga ne. Da na ce a jira da ya kore ni, ga Inna a gida tana dakon aike. To amma shi ya hana ni zaro geji, sandar duba mai? Da aka zaro, man ya koma kamar madara. Ruwan saman Legas ya shiga durom ɗin da aka bari a waje, rariyar tanki kuma ta toshe. Shi ke nan ciwon motar.

Na so in jero muku abubuwa goma, amma na san ba za ku karanta ba. Sauke cokulan ɗaukar kaya ƙasa, kashe inji, duba mai. In ka ga kumfa, famfo na zuƙar iska. In kaya na sulalowa ƙasa da kansa, nemi robar silinda ko bawul ɗin liba. Yoyo da kwali ake nemansa, ba da hannu ba, kuma in mai ya soke ka, asibiti a ranar. Karanta farantin da ke nuna nauyin da motar ke iya ɗauka kafin ka zargi famfo, kada ka ruga kasuwar kayan gyara ta Ladipo sayen abin da bai mutu ba.

Ku bi maganar ogan aikinku, ya fi ku sani. Amma in ya ce ka ɗaure bawul ɗin nan ba tare da agogon awon ƙarfin mai ba, ƙi shi, ko da zai sallame ka.

Yaron ya zaro geji yana ƙunƙuni. Man ko layin ƙasa bai kai ba.