Abin da aikin haikalin Mormon na Akara ya koya mini

Duk wanda ya bi titin Independence Avenue a Akara zai hangi wani farin gini mai hasumiya guda, a ƙolinta akwai mutum-mutumi mai ruwan zinariya da ƙaho a baki. Haikalin mabiya Cocin Yesu Almasihu na Waliyyan Zamanin Ƙarshe ke nan, waɗanda aka fi sani da Mormon. An keɓe shi, wato an yi addu'ar tsarkake shi don ibada, ranar Lahadi 11 ga Janairu, 2004, ina kuma cikin ƙananan ma'aikatan da suka yi aikin ƙarshe a cikinsa. Ni Musulmi ne, haifaffen unguwar Nima a Akara. A lokacin yaron kafinta ne ni, aikina goge katako da shafa masa mai, ban kai a ba ni zarto in yanka abu mai tsada ba.

Da maigidana ya karɓi aikin daga hannun wani ɗan kwangila, an yi ta magana a unguwa. Akwai malaman da ba su yarda Musulmi ya sa hannu a ginin wurin bautar wani addini ba, kuma har gobe ina girmama ra'ayinsu. Shi dai maigida abin da ya ce mana shi ne, katako aka kira mu mu gyara, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna a shago, ba zai rage masa ko kwabo ba. Wasu suka zauna, ni na bi shi.

Katakon da aka ƙawata cikin ginin da shi makore ne, wanda mutanen dazuzzukan yammacin Gana ke kira baku. Ja ne mai duhu, idan ya sha mai sai ya riƙa ɗaukar ido. Amma yana da wuyar sha'ani. Yana dakusar da bakin kayan aiki da wuri, ƙurarsa kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro, ga shi ƙarshen aikin ya faɗo cikin azumin 2003, wanda ya kama daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba. Mutum na goge katako da ƙyalle ɗaure a hanci, maƙoshi a bushe, babu damar kurɓar ruwa sai magariba. A wannan hali na fara sanin me ake nufi da duba aiki. Mai duba mana aikin ba ya tsayawa daga nesa ya gyaɗa kai. Kashe fitilar ɗaki yake yi, ya kwantar da tocila a jikin katakon yadda haske zai bi fuskarsa a kwance, nan take duk wani ƙarce da samfefa ta bari sai ya fito fili. Sannan ya bi da tafin hannu. Inda ya ji tudu ko kaushi sai ya manna ɗan tef mai launi ya wuce, ba faɗa, ba ɗaga murya. Da safe ka tarar da ƙofar da ka ɗauka ka gama duk ta sha tef.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne saman ƙofa da ƙasanta. A shagonmu fuskokin ƙofa da gefunanta muke shafa wa mai, saman da ƙasan kuwa a bar su haka tunda ido ba ya kai wa can. A nan sai da aka sauke ƙofofi aka shafe su. Dalilin a fili yake da zarar an gaya maka: ta waɗannan bakunan ne katako ke shan laima, Akara kuwa gari ne na bakin teku, damina ta kumbura ƙofa, hunturu ya tsotse ta, bayan shekara biyu ta murɗe ta daina rufuwa. Tun daga lokacin ban sake rataya ƙofa ba sai na shafe dukkan ɓangarorinta shida, kuma masu ba ni aiki sun san ƙofata ba ta kamawa da damina.

A cikin ma'aikata akwai wani dattijo Bafante daga Cape Coast, ɗan cocin ne, shi yake nuna mini yadda ake haɗa mai ya yi daidai da launin katako. Papa nake kiransa kamar yadda kowa ke yi. Idan lokacin azahar ya yi shi ke tuna mini, ya ce in je, zai kula da gwangwanina kada ya bushe. Daga bakinsa na ji cewa su ma suna azumi a Lahadin farko ta kowane wata, su bar cin abinci sau biyu, su ba da kuɗin don mabukata. Ba sa shan giya, ba sa shan taba, har shayi da kofi ba sa sha. Daga bakinsa kuma na fahimci dalilin da ya sa yake taɓa katakon nan da wata irin kulawa da ta wuce ta lada. A watan Yunin 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta haramta ayyukan cocinsu tare da na Shaidun Jehobah, aka rufe majami'unsu, aka kori masu wa'azinsu na ƙasashen waje. Sai ƙarshen Nuwamban 1990 aka janye haramcin da ke kan cocinsu. Tsawon wannan lokaci a falon gidansa yake ibada da iyalinsa. Kafin wannan gini kuma, duk faɗin Afirka haikali ɗaya gare su, na Johannesburg da aka buɗe a 1985, wanda talaka irin Papa ba shi da kuɗin jirgin zuwa. Shugabansu na lokacin, Gordon B. Hinckley, ya zo Akara a Fabrairun 1998 ya sanar za a gina, amma sai Nuwamban 2001 aka fara haƙa harsashi.

Haikali a wurinsu daban yake da majami'a. Majami'a ita ce ta ibadar Lahadi, kowa na iya shiga. Haikali kuwa na wasu ibadu ne na musamman, kamar ɗaurin auren da suka yi imani yana ɗorewa har bayan mutuwa, kuma ko ɗan cocin ba ya shiga sai da takardar izini daga shugabanninsa bayan sun yi masa tambayoyi kan rayuwarsa. To wuri irin wannan, a gari irin namu, dole a yi masa ƙage. Na ji masu cewa akwai rami a ƙasa da ake ajiye gawarwaki, na ji masu cewa ofishin leƙen asirin Amurka ne aka yi wa hasumiya. Ni da na shiga kowane lungu da gwangwanin mai, idan na ƙaryata sai a ce an saye ni.

Yadda suka bi da wannan shi ne darasin da ya fi yi mini amfani a sana'a. Kafin a keɓe ginin, sai suka buɗe shi ga kowa da kowa a watan Disamban 2003, kusan mako uku. Shugaban ƙasa John Kufuor ya zo ya zaga, sarakuna sun zo, 'yan jarida, 'yan makaranta, masu talla, dubban mutane. Mu ma'aikata aka ce mu kawo iyalanmu. Na kawo mahaifiyata, wadda tun farko ba ta so aikin ba.

A bakin ƙofa akwai kujeru, da matasa masu sa wa baƙi farar leda a kan takalmi don kada a ɓata kafet. Wata budurwa ta durƙusa gaban Mma, ta ɗaga ƙafarta a hankali, ta saka ledar a kan silifas ɗinta, ta gyara bakin zanen da ya naɗe. Mma ta dube ni ta ce, "Kai, yarinyar nan tana da tarbiyya." Muka shiga. Aka nuna mana kwamin baftisma da ke zaune a bayan siffofin shanu goma sha biyu, mai yi mana jagora ya ce suna wakiltar ƙabilu goma sha biyu na Bani Isra'ila, kuma a nan rayayyu ke yin baftisma a madadin kakanninsu da suka rasu. Ina fassara mata da Hausa. Ta ce in tambaye shi ko mamacin ake kawowa. Ya ce a'a, suna kawai ake karantawa. Ta ce in tambaye shi ina ramin. Bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba, ya ce babu, kuma duk ƙofar da take so a buɗe mata. A ɗakin ɗaurin aure ta tsaya tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna tana kallon kanta jere har inda ido ya gaza. Da muka zo wata ƙofa na raɗa mata cewa ni na goge wannan. Ta shafa ta da hannu, sannan ta ce, "Addininsu nasu ne, ɗana, amma ba su ɓoye mana komai ba." Da ta koma Nima ita ta riƙa amsa wa masu zancen rami, kuma maganarta ta fi tawa shiga, domin ita ba a biya ta ba.

A makonnin nan aikinmu na dare ne. Baƙi na watsewa mu shiga da tocila, mu nemi inda zobe ya ƙarci ƙofa, inda yaro ya dafa da hannun mai, inda ƙurar hunturu ta kwanta a kan ado. Mu gyara kafin gari ya waye, gobe a sake. A nan na ga cewa gini ba ya nuna aibinsa sai mutane sun bi ta cikinsa. Yanzu duk aikin da na gama, kafin in karɓi cikon kuɗina, nakan ce wa mai gida ya kira matarsa da 'ya'yansa da duk wanda zai yi amfani da wurin, su buɗe kowace durowa, su rufe kowace ƙofa, su tambayi abin da suke so. Nakan nuna musu har bayan kabad da irin katakon da na sa a inda ba a gani. Rigimar da ke tashi tsakanin kafinta da mai aiki, yawancinta daga abin da aka rufe ba a nuna ba take fitowa.

Ranar Asabar, jajibirin keɓewa, matasansu suka yi wasannin gargajiya a filin wasa na Akara, da kaɗe-kaɗe da raye-rayen ƙabilun Gana. Washegari muna wurin tun da sassafe saboda wani ɗan dandamali da muka haɗa a waje. Daga inda nake tsaye na hangi Hinckley, tsoho mai shekara 93, an miƙa masa cokalin gini ya ɗebi kwaɓaɓɓen siminti ya sa a dutsen kusurwa. Matarsa Marjorie ta rako shi wannan tafiya, kuma a watan Afrilun shekarar ta rasu. Bayan an gama na waje suka shige ciki. Papa ya zo wucewa cikin fararen kaya da farin hankici a hannu, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, daga nan kuma sai mu." Daga baya ya ba ni labarin addu'ar keɓewa da yadda suka ɗaga hankici suna kiran Hosanna, yana faɗa yana share hawaye.

Wani abokin aikina ya ji zafin abin. Ya ce mu muka shaƙi ƙura, yau kuma mu ne a bakin ƙofa. Ni ban ji haka ba, kuma na gaya masa dalili. Tun ranar da muka fara aiki an faɗa mana cewa rana za ta zo da ba za mu ƙara shiga ba, an faɗi ranar, an kuma ba mu damar kawo iyayenmu kafin ta zo. Mu ma muna da Makka, inda wanda ba Musulmi ba yake tsayawa a iyaka, ba don an ƙi shi ba. Wanda ke son a kiyaye masa alfarmar wurinsa, ya kamata ya iya tsayawa a bakin na wani ba tare da ƙunci ba.

Wannan bai sa na yarda da komai ba. Baftisma a madadin mamaci ta saɓa wa aƙidata gaba ɗaya. Dutsen da aka lulluɓe ginin da shi daga Namibiya aka kawo, kuma nakan fito daga cikin wannan ƙawa in koma unguwar da kwata ke ambaliya duk damina, raina ya yi nauyi. Akwai kuma tarihin da ba ya gogewa: sai a 1978 cocin ya janye dokar da ta hana baƙar fata riƙe matsayin firist, wato mai jagorancin ibada, ko shiga manyan ibadun haikali, alhali tun 1964 Joseph William Billy Johnson ke tara jama'a a Gana da sunan cocin, suna rubuta wasiƙu zuwa Amurka suna roƙon a aiko musu da masu wa'azi. Na tambayi Papa yadda ya haɗiye wannan. Ya yi shiru jim, ya ce abin ya yi ciwo, kuma bai da amsar da za ta gamsar da ni. Na fi ganin girmansa da wannan amsa fiye da in ya kare abin da ba ya karuwa.

Bayan na Akara an keɓe na Aba a Najeriya a watan Agustan 2005, a 2021 kuma suka sanar za su gina wani a Kumasi. Ɗaya daga cikin yarana na shago, wanda iyayensa ke zangon Kumasi, ya tambaye ni ko ya nemi aiki a can idan an zo kan katako. Na ce ya fara shawara da mahaifinsa da malaminsa, in sun amince ya je. Na ce ya tafi da abin rufe hanci mai kyau, ya wasa kayan aikinsa tun daga gida, ya kuma tambayi foman tun ranar farko inda zai riƙa yin salla.