Waƙa ɗaya, mu huɗu, kowa da tasa

Har yau in na ji an ambaci "Season of the Witch" sai kunya ta rufe ni. Laifin kuma nawa ne. Sunan waƙar kawai na tura a zaurenmu na WhatsApp, na ce kowa a ƙungiyar kiɗanmu ya saurara kafin mu kaɗa ta a daren taron ɗalibai. Ban tura waƙar kanta ba, wai ni mai tattalin data.

Ni ta asali na sani, ta Donovan, wadda ke cikin faifansa Sunshine Superman na 1966. Kimanin minti 5 ce, kuma a jita riƙo biyu kake ta jujjuyawa, A da D, sai amshi ya zo ka taɓa E. Sauƙin nan ne ya yaudare ni. Da aka ɗauke wuta ranar gwaji, na ce a bar shi kawai, ai ko yaro zai kaɗa ta.

Ashe mai fiyanonmu ya faɗa kan wadda Al Kooper da Stephen Stills suka sake yi a 1968 a faifan Super Session, mai minti 11, yawancinta jan kiɗa ne ba baki. Mawaƙiyarmu kuwa ta Lana Del Rey ta haddace, ta 2019, wadda aka yi wa wani fim ɗin ban tsoro. Mai ganga bai saurari ko ɗaya ba, kuma shi ya fi mu sauka da mutunci.

A daren taron, minti 5 aka ba mu. Bayan amshin farko na ɗaga kai in yi wa mawaƙiyar alamar shiga baiti na biyu, sai na ga mai fiyanon ya lumshe ido, ya duƙufa kan fiyano yana ta sharara kiɗa. Sau biyu ta buɗe baki tana rufewa, makirufo na rawa a hannunta. Ni ina ta A, D, A, D, zufa na ɗiga a kan jitar. Mai gabatarwa ya nuna agogo, ya sake nunawa, daga nan aka kashe mana lasifika.

Yanzu in za mu yi tsohuwar waƙa, sautin nake turawa, da sunan mawaƙi da shekara, ko datar za ta ƙare. Gwaji kuwa ko da fitilar waya sai an yi.

Abin haushi, da na zauna na saurari ta minti 11 ɗin, ta yi mini daɗi ƙwarai. Ban dai faɗa wa mai fiyanon ba tukuna.