Gyaran tsohuwar na'urar GPS ta jirgin ruwa

Na'urar irin mai taswira ce da ake kafawa gaban matuƙi, kuma ta kwana biyu a jirgin. Ƙorafi uku ne a kanta: tana ɗaukewa duk sanda aka tayar da inji, tana daɗewa kafin ta gano inda jirgin yake, sannan kwanan watan da take nunawa ya koma baya da shekaru.

Ban taɓa murfinta ba sai da na bi wuta. A kan batir mita ta nuna bolt 12.6, caji ya cika ke nan. Na kunna na'urar, na ƙure hasken allo, na auna ta bayan fulogin da ke shiga jikinta, sai ga 11.4. A kayan lantarkin jirgi ba a so asarar wuta a kan waya ta wuce kashi 3 cikin ɗari, wato wajen bolt 0.36, nan kuwa fiye da bolt guda ya salwanta a hanya. Wannan awon sai na'urar tana jan wuta ake yinsa. In a kashe take, ko sili biyu ne suka rage a waya mita za ta nuna 12.6, mutum ya ɗauka komai lafiya.

A gidan fiyus ɓarnar take. Ƙarfen ya yi kore, da na feɗe robar wayar kuma sai ga tagullar ta yi baƙi ƙirin har kusan taƙi guda ciki, domin danshin gishiri yana bin tsakanin silin waya. Kankarewa ba ta magani. Na cire wayar gaba ɗaya, na ja sabuwa mai rufin kuza, na matse kawunanta da mahaɗi mai robar da ke tsukewa in ta ji zafi, na sa fiyus daidai da wanda littafin na'urar ya ce. Baƙar waya, wato ta negatif, ita ma na auna ta, don asarar da ke kanta ɗaya take da ta jar waya. Ɗaukewar kuwa sitata ce sanadi: tana zuƙar wuta mai yawa, batir ya faɗo wajen bolt 10 na ɗan lokaci, abin da ya isa na'urar bai kai ya riƙe ta ba. Na mayar da layinta kan batirin kayan cikin jirgi, na bar wa inji nasa.

Daga nan sai shafin allon na'urar da ke nuna siginar taurarin ɗan'adam. Na'ura tana bukatar aƙalla huɗu kafin ta ba da cikakken matsayi, wannan kuwa sandunan siginarta duk gajeru ne. Eriyar waje tana da ƙaramin amfilifaya a ciki, kuma ta cikin kebul ɗinta na'urar ke tura mata wuta, galibi bolt 5 ko 3.3. Wutar tana fita daga na'urar, amma mahaɗin da ke gindin eriyar ya sha ruwa. Na yanke shi, na sa sabo, na naɗe da tef mai manne kansa. Gwaji ɗaya mai sauƙi: a riƙa kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya ana kallon sandunan. Fitilun LED masu arha sukan danne siginar GPS, wadda dama da rauni take isowa.

Jinkirin da ya rage na ƙaramin batirin ciki ne, mai bolt 3, wanda a tsofaffin na'urori da dalma ake liƙa shi. Shi ke riƙe agogo da bayanin zagayen taurarin. In ya mutu, kullum na'urar daga farko take farawa, alhali sauke cikakken jadawalin taurarin yana cin minti 12 da rabi. Kafin a cire shi, ko a mayar da na'urar saitin kamfani, a kwashe wuraren da aka ajiye zuwa kati. Da yawa daga cikin tsofaffin ba sa karanta katin SD da ya wuce gigabait 2.

Kwanan wata ba lalacewa ba ce. GPS yana ƙirga makonni ne zuwa 1024 sannan ya koma sifili, kuma hakan ya faru a ranar 6 ga Afrilu 2019. Na'urar da ba a sabunta manhajarta ba sai ta koma baya kusan shekara 20. Galibi matsayi yana nan daidai, amma lissafin cikar teku da janyewarsa ya dogara da kwanan wata, don haka ba abin amincewa ba ne. In kamfanin ya fitar da sabuntawa a ɗora, in ya daina kula da samfurin sai a koma ga jadawalin takarda.

Na ƙarshe shi ne layin da ke kai matsayi zuwa rediyon VHF. A tsarin NMEA 0183, wanda kayan lantarkin jirgi ke musayar bayanai da shi, gudun aika bayanai da aka saba 4800 ne, na AIS (tsarin da jiragen ruwa ke sanar da juna inda suke) kuma 38400, kuma dole ɓangarorin biyu su zama a kan lamba ɗaya. Da na saita gudun layin a 4800, lambobin matsayi suka fito a fuskar rediyon.