Ƙofar da Baba ya shiga

Jiya ina tsaye a layi zan biya kuɗin makarantar 'yata a nan Gombe sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Kakanmu manomi ne a wajen Dukku, ajami kawai ya iya, amma ɗansa ya zama malamin makaranta kuma ko kwabo bai biya ba. Lokacin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976, gwamnati na neman malamai ido rufe, aka kwashi su Baba aka kai kwalejin horon malamai, ga abinci ga yunifom ga ɗan alawus a kai. Da wannan albashin nasa mu bakwai muka yi karatu, har ni na gama jami'ar ATBU a Bauchi.

To ɗan manomin Dukku na yau fa, ta ina zai shiga? Na leƙa firamaren unguwarmu na ga yara a ƙasa suke zaune aji ya cika maƙil, mu da muka ci moriyar ta gwamnati kuwa duk mun kwashe namu mun kai ta kuɗi, har da ni, wallahi abin na ci mini rai, boko ya koma gado kamar gona da shanu.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Abokina da ke karatu a Jamus ya ce can jami'ar gwamnati kusan kyauta ce, amma tun yaro na wajen shekara 10 ake raba musu hanya, kuma yawanci ɗan mai digiri ne ke bin layin jami'a. A Amurka harajin gidaje ne ke riƙe kaso mai yawa na kuɗin makarantu, unguwar masu hali ita ke da makaranta mai kyau. Finland ce ta burge ni, tun 1948 suke ciyar da ɗalibai kyauta, ɗan minista da ɗan lebura layin abinci ɗaya.

Lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 ya taimaka, ban musa ba, amma ai sai wanda ya kai jami'a ko kwaleji.

Yaron da ke turo mana ruwa a kura aji uku na sakandare ya tsaya, da babansa ya kwanta ciwo. Na ce masa kana so ka koma? Ya sunkuyar da kai ya ce Baba ina so mana. Mun yi magana da uwargida daren jiya, ranar Litinin in Allah ya kai mu ni da kaina zan raka shi wajen hedimasta.