Godiya ga duk wanda ya zo muka tuna da Baba Jatau

Salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku duka.

Tun daren jiya nake so in rubuta wannan, gajiya ta hana ni. A madadin Zumuntar Mata ta cocinmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya fito cikin sanyin hunturun nan ya halarci Mas, wato babbar sujadar cocin Katolika, da muka roƙa domin tunawa da Babanmu, Akbishop Peter Yariyok Jatau, wanda Ubangiji ya kira gida a watan Disamba na 2020 yana da shekara 89. Mu dai 'yan unguwa kawai muka yi wa lissafi, sai ga jama'a daga Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, har da waɗanda suka kamo hanya daga Kafanchan tun da asuba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Fada, limamin cocinmu, mun gode da ka karɓi roƙonmu ba tare da ɓata lokaci ba. Baba katikis, malamin koyarwar addini na cocinmu, sannu da ɗawainiya. Mawaƙa kuwa, lokacin da kuka ɗauko tsofaffin waƙoƙin Hausa da ganga da tulu, na ga iyayenmu mata suna share hawaye da bakin zane. Matasan da suka ɗauki benci suka kuma tsaya a ƙofa, Allah ya yi muku albarka.

Abin da ya sa muka dage sai an yi wannan taro shi ne yaranmu. Kwanaki na tambayi jikata wane ne Baba Jatau, ta ce ba ta sani ba. Abin ya tsaya mini a rai. Wannan fa shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Akbishop na Kaduna. A 1975 ya gaji Akbishop John MacCarthy, ɗan mishan daga ƙasar Ayaland, ya riƙe mu shekara 32 cur, har 2007 da ya yi ritaya Baba Matthew Man-Oso Ndagoso ya karɓa. A zamaninsa Kafanchan ta zama dayosis mai zaman kanta, wato yanki mai nasa bishop, a 1995, Zariya ta biyo baya a 2000. Shi ne mai masaukin Paparoma John Paul na Biyu da ya zo Kaduna a Fabrairun 1982. Ina yarinya lokacin, mahaifiyata ta riƙe hannuna gam a Dandalin Murtala don kada in ɓace, muna kallo daga nesa ana naɗa sababbin Fada. Bayan 'yan shekaru Baba Jatau ne ya ɗora mini hannu ya shafa mini mai a goshi. Da ya rasu ina kwance ba lafiya, ban samu zuwa jana'izarsa ba. Jiya ne na ji kamar na sauke wani nauyi.

Akwai wadda zan ware in yi wa godiya ta musamman. Hajiya, kin san kanki. Shekara 14 muna zaune katanga ɗaya a Tudun Wada, kina ba 'ya'yana tuwo ina ba naki, kafin rikicin 2000 ya sa muka kwashe kayanmu muka tsallaka kogi kamar yadda dubbai suka yi. Baba Jatau ne a kan kujera a waɗannan kwanaki masu ɗaci, da na 2002, kuma mu da muka zauna ƙarƙashinsa ba mu koyi ƙin maƙwabci a wurinsa ba. Ta waya kawai na ambata miki taron, ban ma gayyace ki ba don kada in ɗora miki nauyi. Sai ga ki a keke Napep da kula biyu na waina da miyar taushe, kin haye gada kin zo, kika zauna a rumfa har aka tashi. Da kika rungume ni kika ce Allah ya ba mu haƙuri, na kasa amsa miki. Yaya, na gode. Allah ya bar zumunci, ya raya miki zuri'a.

Waɗanda abinci bai kai gare su ba, don Allah ku gafarce mu, mu ne ba mu yi tanadin da ya isa ba. Baikon da aka tara, kamar yadda muka amince a taronmu, za a kai wa gwauraye da marayun cocinmu kafin Kirsimeti, ma'ajiyarmu za ta karanta lissafin ranar Lahadi bayan Mas na biyu. Akwai kuma kula uku da faranti da wani mayafi ruwan toka da aka manta, suna wurin Baba katikis.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Peter hutawa ta har abada, haske marar ƙarewa ya haskaka masa. Amin.