Asabar a Yankari, daga bakin Gaji zuwa ruwan Wikki

Ƙarfe 7 na safe motar zagaye ta tashi daga sansanin Wikki. Wanda ya makara sai ya jira fitar la'asar, don da rana ta take dabbobi inuwa suke shiga. A watan Maris ɗin nan daji ya bushe ƙayau, ciyawa ta kwanta, ƙananan tafkuna sun ƙafe, duk mai jin ƙishi dole ya gangaro kogin Gaji. Abin da ya sa rani ya fi damina ke nan a nan. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta shanye kan mutum, sai ka wuni kana kallon ganye.

Gwambaza muka fara gani tsaye a fadama, sai gadu ya gifta da 'ya'yansa, kowa wutsiya a miƙe kamar eriyar rediyo. Giwa kuwa alamarta ake bi. Mai rakiya ya tsayar da mota kan wani tulin kashi, ya tona da sanda: cikin da danshi, ƙudaje na bi, ga reshe a karye ruwansa bai bushe ba. Ba su yi nisa ba ke nan. Can muka hango su, sun sa ƙanana a tsakiya. A nan ba a sauka, ba a ɗaga murya, ba a kuma shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Ƙudan tsando ne fitinar bakin kogi. Baƙi da shuɗi mai duhu suke janyo shi, kuma yana huda yadi mara kauri. Riga mai dogon hannu, ruwan ƙasa, ita ce daidai.

Da azahar sai Wikki. Ruwan daga gindin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, wanda bai iya iyo ba ya tsaya daga ƙasa inda ya baje. Sai dai fa a yi hattara da gwaggon biri. Sun san ledar abinci sarai, ƙofar da aka tura ba a sa mukulli ba kuwa buɗewa suke yi. Ɗazu wani ya fizge burodi daga hannun yaro, ya hau katanga yana ci yana kallonmu. Kada a bi shi da sanda, haƙoran babban namiji ba wasa ba ne.

Mai zuwa daga Bauchi a Dindima zai bar titin Gombe. Ya cika tanki tun daga gari, don daga ƙofar Mainamaji zuwa sansani kilomita 40 ne da ɗoriya cikin daji. Kogwannin dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey sai gobe da sassafe, kafin duwatsu su ɗauki zafi.