Yadda muka ciro muryoyin tsofaffin Adar daga kwamfutar Kawu da ta mutu

A wani dare na watan Agusta, cikin daminar bara, an yi ruwa da iska mai ƙarfi a nan Yamai, wuta ta ɗauke a unguwarmu ta Lazare, ta dawo, ta sake ɗaukewa, kuma duk wannan lokaci kwamfutar kawuna tana jone da caja a kan teburinsa. Da gari ya waye ya danna maɓallin kunnawa, bai ga ko ƙyaftawar fitila ba, bai ji motsin fanka ba. Bai gaya wa kowa a gida ba sai bayan kwana biyu, lokacin da ya riga ya kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa ya dawo da ita. Da ya kira ni, abin da ya fara cewa shi ne: "Ɗana, zo ka ga ni, aikin shekara goma ya tafi."

Kawu malamin lakwal ne da ya yi ritaya, wanda har yau tsofaffin ɗalibansa suke kira Mushe. Ya koyar a Tawa da Keita da Buza, kuma tun kafin ya ajiye aiki ya riƙa bin ƙauyukan Adar da ƴar na'urar ɗaukar murya, yana zama da tsofaffi suna ba shi tatsuniyoyi, da kirarin mafarauta, da waƙoƙin daka da niƙa, da labarin yadda aka kafa garuruwansu. Idan ya dawo gida sai ya zuba muryoyin a kwamfuta, ya zauna yana saurare yana rubutawa kalma bayan kalma. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi masa magana sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani wuri a duniya da muryoyinsu suke in ba cikin wannan kwamfuta ba.

Mai gyaran bai yi masa ƙarya ba. Ya ce babban allon kwamfutar, wanda su suke kira kart mer, ya ƙone, kuma gyaransa ya fi ƙarfin darajarta. Sai ya ba shi shawara biyu: ko ya sayar masa da ita a matsayin kayan gyara, ko kuma ya sayi wata ta hannu, a ɗauke faifan ajiyar tsohuwar a sa a cikinta, a formate shi, wato a goge duk abin da ke kansa, a zuba sabon Windows. Kowace daga cikin biyun da Kawu ya amince da ita, da a ranar ce aikin nasa zai tafi da gaske. Allah ya sa ya ce a bari ya yi shawara tukuna. Wannan shi ne abin da ya sa na zauna rubuta labarin nan, domin a ganina bayanan da ake asara a garin nan a hannun mutane cikin gaggawa, bayan kwamfuta ta mutu, suna da ban takaici fiye da waɗanda wuta ko zafi suka ci, tunda su ana iya kauce wa asararsu.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, a kwamfutoci da yawa faifan ajiya wani abu ne daban da ake iya cirewa, kamar yadda ake zare katin ajiya daga wayar da ta faɗa ruwa. Idan kwamfuta ta ƙi nuna alamar rai gaba ɗaya, bayan an gwada ta da wata caja kuma an cire batir an mayar, zargi ya fi karkata ga allon ko hanyar shigar wuta, faifan kuwa sau da yawa yana nan lafiyarsa lau. Inda ya kamata hankali ya tashi shi ne idan tana kunnuwa, sunan kamfanin ya bayyana, sannan ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, ko a ji wani ƙas-ƙas yana maimaituwa daga ciki. Ta Kawu tana cikin rukuni na farko, shi ya sa na ce masa: "Kawu, ku kwantar da hankalinku, kada dai ku sake barin kowa ya taɓa ta."

Na cire caja, na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, sannan na taɓa ƙarfen ƙofa kafin in sa hannu ciki. Wannan taɓa ƙarfe ya fi zama dole a lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum yake jin tartsatsi idan ya cire riga, domin irin wannan tartsatsin yana iya lalata ƙananan sassan lantarki. Da ɗan ƙaramin turnabis na kwance murfin ƙasa, na ga faifan a kwance cikin gadonsa na ƙarfe: irin wanda ake kira na inci 2.5, mai ɗaukar gigabait 500, irin mai jujjuyawa sau 5400 a minti, da mahaɗin SATA. Na zare shi a hankali, na naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, na nufi Babbar Kasuwa da shi.

Na tafi da faifan kansa ne domin akwatin da ake sa shi ciki, wanda masu shaguna suke kira buwatiye, ba iri ɗaya ba ne, kuma kwatance da baki yana sa a sayo wanda bai dace ba. Aikin akwatin shi ne ya karɓi faifan ciki ya mayar da shi na waje, wanda ake jonawa da kowace kwamfuta ta kafar USB. Mahaɗin SATA yana da baki biyu a jere, ƙarami mai haƙora 7 na bayanai da babba mai haƙora 15 na wuta. Tsofaffin kwamfutoci na kafin zuwan SATA suna da faifan IDE mai allurai 44, wanda akwatinsa ya fara wuyar samu. Na zamani kuwa da yawa suna amfani da ɗan siririn allo mai suna M.2, galibi mai faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, saboda M.2 ɗin ma kashi biyu ne, akwai na SATA akwai na NVMe. A ido suna kama da juna, har wani yana iya shiga ramin akwatin ɗan uwansa, amma kwamfuta ba za ta gan shi ba, sai mai shi ya ɗauka faifan ya mutu alhali akwatin ne bai dace ba. Ya kamata a karanta abin da aka rubuta a jikin faifan, a kuma tambayi mai shago ko akwatin yana karɓar nau'in. Ni na sami na inci 2.5 mai USB 3.0 a kan jika shida, kuma na roƙi mai shagon kada ya gwada mini shi a kwamfutarsa.

Gwajin farko a gida ya tsorata ni. Na jona akwatin ta wani ɗan marabin USB mai kafa huɗu da nake amfani da shi, sai na ji faifan ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya. Na cire shi nan take. Faifan inci 2.5 yana shan wutarsa ta volt 5 daga kafar USB ɗin kanta, kuma ya fi buƙatarta a daidai lokacin da zai fara juyawa. Kafar USB 2.0 a ƙa'ida miliampiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuwa, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. Da na jona shi kai tsaye a shuɗiyar kafa da gajeriyar wayar da ta zo da shi, sai ya tashi da sautinsa mai laushi, bai ƙara tsayawa ba. Da a ce ƙas-ƙas ɗin ya ci gaba duk da isasshiyar wuta, da na kashe shi na daina, domin wannan alama ce ta cewa kan da ke karanta faifan ya samu matsala, kuma kowace kunnawa tana iya ƙara karce shi. Irin wannan faifai ba a buɗe shi a ɗaki. Tazarar da ke tsakanin kan da fuskar faifan ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma kowa ya san ƙurar Yamai. Haka nan maganar sa shi a firiji da wasu suke yi, raɓar da za ta taru a cikinsa ta isa ta ƙarasa shi.

Na yi aikin ne da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta yake cike, don ko wuta ta ɗauke a tsakiyar kwafi kada faifan ya mutu ba shiri. Ban buɗe shi da Windows ba. Windows yakan ce ba ka da izinin shiga dosiyen mai kwamfutar, kuma idan ka danna ka ci gaba, sai ya shiga sauya izinin fayiloli ɗaya bayan ɗaya a kan faifan da ake lallaɓawa. Wani lokaci ma, idan ya kasa gane tsarin faifan, yakan tambaya ko a formate shi, kuma amsar wannan tambaya a irin wannan hali a'a ce, ko sau nawa ya yi ta. Maimakon haka na tashi kwamfutata daga kile USB da Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta daban da Windows, wanda yake karanta NTFS, wato tsarin da Windows yake ajiye fayiloli da shi, ba tare da ya tsaya kan izinin Windows ba. Dosiyen Kawu ya buɗe, ga sunayen ƙauyuka a jere, kowane da shekararsa. Wannan sauƙin buɗewa ya kamata ya zama gargaɗi ga duk mai niyyar sayar da matacciyar kwamfuta: kalmar sirrin shiga Windows ba ta kare komai da zarar an cire faifan, hotunan iyali da takardun aiki duk a fili suke ga wanda ya saya.

Na fara da abin da ba shi da madadi, wato muryoyin da rubuce-rubucen, na bar sauran tarkace zuwa ƙarshe, kuma kwafi na yi, ban matsar da komai daga wurinsa ba. Aiki ya yi nisa sai ya tsaya cik a kan wani fayil, ya ce ya kasa karantawa. Na duba bayanan lafiyar faifan, waɗanda ake kira SMART, na ga yana da wuraren da suka fara lalacewa, abin da ba mamaki ga faifan da ya sha zafin watannin Afrilu da Mayu na shekaru masu yawa. A nan na dakatar da kwafin na yau da kullum, na aro faifan waje mai terabait 1, na koma ga wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue. Hikimarta ita ce tana kwashe duk wuraren da suke karantuwa da sauƙi tukuna, tana tsallake masu wuya, tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, sannan daga baya ta dawo kan masu wuyar tana gwadawa. Ta haka ko faifan ya mutu a hanya, an riga an tsira da mafi yawa. Na ajiye akwatin a gaban fanka, na bar shi ya kwana yana aiki. Daga wannan cikakken kwafin da ddrescue ta yi a faifan waje, wanda ake kira hoton faifai, na ci gaba da kwashe fayiloli, na ƙyale na asalin ya huta. Da tsarin dosiyoyin ya lalace, da na koma ga TestDisk da PhotoRec, manhajojin kyauta na wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, waɗanda su ma a kan hoton ya fi dacewa a yi amfani da su, amma buƙatar hakan ba ta taso ba.

Dole in faɗi cewa tsufan kwamfutar Kawu ya taimake mu. Sababbi da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, kuma idan aka sa irin wannan a akwati, ba zai buɗe ba sai da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Wanda wani ne ya buɗe masa asusun a shago, bai riƙe adireshin da kalmar sirrin ba, ya kamata ya nemo su tun kwamfutarsa tana da rai. Akwai kuma waɗanda ma'ajiyarsu a liƙe take da allon, kamar ƙananan kwamfutoci masu araha da ke amfani da eMMC da kuma MacBook na shekarun nan. Su babu abin da za a zare a sa a akwati, sai dai a gyara allon.

Da safe na tarar ddrescue ta kwashe kusan komai, sai ƴan wurare ƙalilan da suka ƙi karantuwa, waɗanda suka faɗa cikin muryoyi huɗu. Rubuce-rubucen duka sun fita lafiya. Yanzu aikin yana wuri uku: a kwamfutar da ƴaƴansa suka saya masa, a faifan waje da ke cikin akwatin tufafinsa, da wani faifan da muka aika Tawa wurin ƙaninsa. Yana kuma shirin zuwa cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da ke nan Yamai, wadda aikinta ya shafi tarihin baka, ya ji ko za su karɓi kwafi.

Muryoyi huɗun nan mun saurare su tare a tsakar gida bayan la'asar. Uku daga ciki ɗan tsallake ne kawai da ba ya hana fahimta. Ta huɗun wata tsohuwa ce daga wajen Keita tana waƙar niƙa, ana jin dutsen yana tafiya a ƙarƙashin muryarta, sai a tsakiyar wani baiti sautin ya yanke ya dawo, kalmomi biyu ko uku sun ɓace. Kawu ya ce in mayar baya, na mayar har sau uku. Ya rufe ido ya rera baitin da kansa tun daga farko har ya wuce wurin da ya yanke, sannan ya ɗauko littafinsa ya rubuta kalmomin, ya sa sunan fayil ɗin da minti da daƙiƙa a gefensu.